Littafin Aikin Dashen Layin Tasha: Numfashin Bishiya da Hayaƙin Inji

16 ga Nuwamba, 2024

Ƙungiyar ci gaban unguwarmu a nan Kaduna ta tsayar da magana cewa in Allah ya kai mu damina za a dasa bishiyoyi tun daga bakin tashar mota har katangar firamare, sannan a zagaye filin ƙwallo da ke bayan gari. An fara karo-karo. Abin da ba a daidaita a kansa ba shi ne irin bishiyar. Shugaban ƙungiya bishiyar turare yake so, kuma yana da hujja: saurin girma gare shi, akuya ba ta damu da ganyensa ba, in ya miƙe kuma magina na sayen sandunansa. Ni kuwa da yake kemistiri nake koyarwa a sakandare, na roƙi a ba ni zuwa watan Mayu in duba wani abu da ba a cika kawowa a zancen dashe ba, wato sauran iskar da ganye ke fitarwa ban da oksijin.

Tun a firamare aka koya mana bishiya na shaƙar kabon dayoksaid ta ba mu oksijin. Haka ne, amma lissafin bai ƙare a nan ba. Ganye na sakin sinadarai masu saurin bin iska iri-iri, mafi yawansu shi ne aisofirin, mai ƙwayar kabon 5 da haidirojin 8. Ƙiyasin Alex Guenther da abokan aikinsa tun 1995 ya kai kimanin tan miliyan 500 a shekara, wajen rabin duk abin da tsirrai ke fitarwa na wannan rukuni. In aka haɗa duniya baki ɗaya, abin da tsirrai ke saki ya ninka na motoci da masana'antu nesa ba kusa ba, kuma galibinsa daga ƙasashe masu zafi irin namu yake tashi.

Shugaba ya ce, "To Malam, mun ba ka, amma kar ka dawo mana da Turanci."

30 ga Nuwamba, 2024

Ni da ɗalibaina na ajin ƙarshe mun bi layin gida-gida muna rubuta bishiyoyin da ke akwai. Darbejiya ce ta fi yawa, sai mangwaro a cikin gidaje, malaina a bakin kwalbati, wasu tsofaffin maɗatai da aka ɓare wa ɓawo har wuya don maganin ciki, durumi ɗaya a majalisar dattawa, ceɗiya a ƙofar Mai Unguwa, da jerin turare a bayan tasha wanda wani ya dasa ya manta.

A gindin turaren muka daɗe. Na sa kowa ya tsinki ganye ya ɗaga shi saitin rana. In ka ƙura ido za ka ga ɗigo-ɗigo masu haske birjik a jikinsa, ƙanana ƙwarai. Jakunkunan mai ne. Murza ganyen a tafin hannu, ƙamshin da ke hawa maka kai, wanda iyayenmu mata ke yin sirace da shi in mura ta kama yaro, shi ne sinadarin da ake kira tafin (terpene). Wannan ajiye yake a ganye, zafi na ƙaruwa yana tsiyaya cikin iska, dare ko rana.

Aisofirin dabam yake. Ba a ajiye shi, hanci ma ba ya jin sa a yawan da yake fita. A take ganye ke ƙera shi daga kabon ɗin da ya kama da hasken rana, ya sake shi nan da nan, rana na faɗuwa ya daina. Wani masani ɗan ƙasar Jojiya, Guivi Sanadze, shi ya fara ba da rahotonsa a 1957. Wata ɗaliba ta tambaya me zai sa bishiya ta yi ta zubar da abincin da ta sha wahalar haɗawa. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne yana taimaka wa ganye jure ƙunar rana. Kuma ba kowace bishiya ke yi ba, abin na bin dangi. Turare na cikin manya, ga tafin ga aisofirin. Haka kwakwar manja, haka yawancin dangin ɓaure, wanda durumi da ceɗiya da gamji duk 'yan gidansa ne.

21 ga Disamba, 2024

Hazo ya sauka sosai, daga gadar Kawo ba ka hango abin da ke gabanka da nisa. A irin wannan lokaci zancen iskar ganye ƙaramin zance ne, kuma na gaya wa yaran haka don kar su ɗauki abin ya wuce matsayinsa. Ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, da hayaƙin ƙona daji, da shara, da itacen girki, su ke cika mana ƙirji a hunturu. A jerin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, Kaduna ce ta biyar a duniya wajen yawan ƙura a iska, da maikurogiram 423 a kowace kubik mita, Onitsha na kan gaba da 594. Duk bishiyar da za ta tare mana ƙura, ko wace iri ce, ta yi mana rana.

18 ga Janairu, 2025

Ba mu da na'urar auna aisofirin, kuɗinta ya fi ƙarfin unguwa. Abin da za mu iya bibiya shi ne ozon, iska mai ƙona hanyar numfashi da ke haɗuwa in aisofirin ya gamu da hayaƙin inji a rana, wanda shi ne abin tsoron ma. Mun koma wa tsohuwar dabarar Christian Schönbein, Bajamushen da ya gano ozon a 1839 yana koyarwa a Basel.

An dama sitaci giram 5 a tataccen ruwa mililita 100, aka ɗora a wuta ana juyawa har ya yi kauri ya fara sheƙi. Aka sauke, aka zuba fotashiyam ayodaid giram 1, aka shafe takardar tace ruwa da shi gaba da baya da burushin fenti. A cikin kabad muka shanya su don haske na ɓata su, da suka bushe muka yayyanka kamar faɗin yatsa biyu muka ɗure a kwalba mai murfi. Ana rataya guda a inuwa, inda iska ke wucewa, awa 8. In an ɗauko sai a fesa mata ruwa kaɗan. Ozon na 'yanto ayodin, ayodin kuma in ya haɗu da sitaci sai ya koma shuɗi mai duhu. Iya duhun, iya abin da ta sha.

Takardar ba ta ba da lamba, kuma ba ozon kaɗai ke taɓa ta ba, laima ma na ƙara mata duhu. Amfaninta a kwatanta wuri da wuri a rana ɗaya. Mun zaɓi bakin tasha, da layin masu walda inda janareto ba ya hutawa, da harabar firamare, da filin ƙwallo.

8 ga Fabrairu, 2025

Abin da muke ta gani ya ba yaran mamaki. Takardar bakin tasha, inda hayaƙin Keke Napep ke sa ido ruwa, ita ce ta fi haske. Ta filin ƙwallo, inda kowa zai rantse iska garau take, ita ta fi duhu, musamman wadda ta wuni daga hantsi zuwa la'asar. Yau na kai bayanin gaban zaman ƙungiya.

Babu injin da ke fitar da ozon daga salansa. A cikin iska ake haɗa shi, kuma sai abu uku sun taru: hasken rana, naitirojin oksaid (a taƙaice NO da ɗan'uwansa NO2) da ke fitowa daga duk abin da ke ƙona mai da zafi, da sinadarai irin su tururin fetur ko aisofirin. Da rana akwai wani sinadari mai suna haidiroksil da ke far wa aisofirin, cikin awa ɗaya zuwa biyu ya farfasa shi. Gutsattsarin sai su ɗauki oksijin su miƙa wa NO, ya koma NO2. Rana ta fasa NO2, ƙwayar oksijin ɗaya ta ɓalle ta manne wa oksijin da muke shaƙa, ozon ya samu. Shi kuwa NO ya dawo yadda yake. Na ce musu dillali ne: kayan ba nasa ba, ba ya ƙarewa a cinikin, yana haɗa wannan ya koma ya jawo wani. In babu shi a wuri, aisofirin ba ya haifar da ozon, hasali ma rage shi yake yi. Shi ya sa tsakiyar dajin Amazon, duk da tulin abin da bishiyoyinsa ke fitarwa, ozon ɗinsa kaɗan ne.

Bakin tasha kuwa, ɗanyen NO da ya fito yanzu-yanzu cinye ozon yake yi kafin komai. Sai iska ta kwashi hayaƙin ta yi gaba da shi, rana ta gasa shi a hanya, sannan ozon ya taru can inda babu mota ko ɗaya. Wanda ya tayar da hayaƙin dabam, wanda ya shaƙi sakamakon dabam.

Ba mu muka fara shiga wannan ruɗani ba. A farkon shekarun 1950 Arie Haagen-Smit ya nuna haka hazon Los Angeles ke haɗuwa. Birnin Atlanta na Amurka ya shafe shekaru yana rage tururin fetur ozon ya ƙi sauka, sai a 1988 William Chameides da abokansa suka nuna dazuzzukan da suka kewaye birnin na zuba isasshen aisofirin, don haka mafita ita ce a rage naitirojin oksaid. Kafin nan, wajen 1980, Ronald Reagan ya ɗora wa bishiyoyi laifin gurɓata iska fiye da motoci, aka yi ta yi masa dariya. Ya riƙo wutsiyar gaskiya ne ya bar gangar jikinta.

Wani dattijo da ke zama kullum a gindin durumi ya ɗaga sanda. "Yaro, kana nufin mu sare durumin nan ke nan? Ubana ya sha inuwarsa."

Na ce, "A'a Baba, Allah ya kiyaye. Durumi ya riga janareto zuwa unguwar nan, kuma kafin janareto ya zo bai cuci kowa ba. Bishiya ɗaya ma ba ta sauya iskar gari. Maganar ita ce in za mu dasa da yawa a jere, kar mu jera masu yawan fitarwa a inda hayaƙi ya fi kauri."

Ya ce to in haka ne ya ji.

22 ga Maris, 2025

Azumi ga zafi, aiki ya ja baya. Abu ɗaya na sa yaran su rubuta: fitar aisofirin na hawa da zafin ganye har wajen digiri 40 kafin ya fara sauka, kuma ganyen da rana ke duka kai tsaye ya fi iskar da ke kewaye da shi zafi. Watannin nan na bazara, rana tsaye, wuta ba ta zama, kowane shago ya tayar da inji, su ne lokacin da komai ke haɗuwa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kar ozon ya wuce maikurogiram 100 a kubik mita in aka ɗauki matsakaicin awa 8. Ozon na can sama kariya ne daga haskokin rana masu cutarwa, amma na ƙasa yana ƙona hanyar numfashi, masu asma su suka fi jin jiki.

26 ga Afrilu, 2025

An yi ruwan farko mai ƙarfi. Ba inji kaɗai ke ba da naitirojin oksaid ba, ƙasa ma na bayarwa. Ƙananan halittun da suka kwanta a busasshiyar ƙasa duk rani, ruwa na taɓa su sai su farka su saki NO da yawa na 'yan kwanaki, gonar da ta sha takin zamani kuma ta fi.

An auna wannan a yankinmu. A watannin Yuli da Agusta na 2006, ƙarƙashin shirin binciken damina na AMMA, wani jirgin binciken Birtaniya ya riƙa tashi daga Yamai yana shan iskar Afirka ta Yamma. Kudu da layin digiri 10 na taswira, inda bishiya ke da yawa, ya tarar da aisofirin mai yawa da ozon kaɗan. Arewa, a Sahel, aisofirin ya yi ƙasa, amma a kan wuraren da ruwa bai daɗe da sauka ba NO da ozon sun ɗaga. Kaduna na zaune kusan digiri 10 da rabi, a kan gaɓar nan daidai. Kuma bishiyar da ta mamaye dazuzzukanmu na asali, doka, tana cikin waɗanda binciken da aka yi a dazuzzukan Afirka ya sa a sahun masu yawan fitarwa. Wanda ya bi hanyar Kachia a ƙarshen rani ya san jan tohonta. Sabon toho bai fara fitarwa ba tukuna, sai ganyen ya ƙosa ya yi kore.

Daga sama ma ana gani. Aisofirin in ya farfashe yana barin fomaldihaid, shi kuma tauraron ɗan'adam na iya hango shi. Da haka Eloise Marais da abokan aikinta suka ƙiyasta aisofirin na nahiyar Afirka a 2012, da na'urar OMI da aka harba a 2004. Sai da suka tace lokutan ƙona daji, don wuta ma na ba da fomaldihaid.

24 ga Mayu, 2025

Mun je wajen masu rainon dashe ta hanyar Mando. Daga nan ba nisa zuwa dajin gwamnati na Afaka, inda aka daɗe ana dasa turare. Can ya dace da shi, nesa da cunkoso. Mai dashen, wani mutum mai fara'a, ya yi ta tallata mana kwakwar ado da turare, ya ce su manya ke saye. Na ba shi labarin Borneo: a 2008 masana sun auna iska a jihar Sabah ta Malesiya suka tarar gonakin kwakwar manja sun fi dajin da aka sare aka dasa su fitar da aisofirin. Ozon bai tashi ba a lokacin saboda hayaƙin inji kaɗan ne a wurin, amma sun yi gargaɗin in ya ƙaru zai tashi. Ya ce, "Malam, ni dai abin da kuka zaɓa shi zan ɗaure muku."

Ga abin da na miƙa wa ƙungiya, kuma ta amince. Layin tasha da na masu walda maɗaci da darbejiya, don danginsu ba ya cikin manyan masu fitar da aisofirin, ga inuwa ga jure fari. Kowanne da aibinsa: maɗaci jinkirin girma gare shi kuma masu magani ba sa barin ɓawonsa, saiwar darbejiya kuma na fasa katanga in an matsa mata. Za a ba su tazara, kar rassa su haɗe su rufe titin, don rumfar ganye a kan matsattsen titi mai cunkoso na riƙe hayaƙi a daidai hancin masu tafiya. Turaren shugaba an ba shi gefen filin ƙwallo na can ƙarshe, layi ɗaya. A ganina ko wannan an yi ne don a zauna lafiya, tunda can ne hayaƙin tasha ke sauka in iska ta juyo, ga shi da shan ruwa kusa da gonakin mutane. Amma an rinjaye ni, na bari.

21 ga Yuni, 2025

An yi dashe. Matasa sun haƙa ramuka, mata sun kawo tokar murhu saboda gara, an kewaye kowanne da ƙaya da tsofaffin buhuna.

Da ake nome ciyawar bakin firamare wani ɗalibi ya ce wannan ƙamshin ma iskar ganye ce ko? Ita ce. Ganyen da aka ji wa rauni ke sakinta. Tun 1990 Ted Turlings ya nuna masarar da tsutsa ke ci tana fitar da wani ƙamshi da ke kiran wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro, ya zo ya yi ƙwai a jikin tsutsar. Manoman da tsutsar masara ta addaba tun 2016 za su so jin wannan.

19 ga Yuli, 2025

Rabin aikin da ya fi wuya shi ne na hayaƙin, kuma a nan ne tafiya ta yi nauyi. Mun zauna da masu walda da mai injin niƙa. Ba wanda zai kashe injinsa saboda ozon, kuma ban ga laifinsu ba, da shi suke ci. Abin da aka samu: masu walda uku da ke jere sun yarda su gwada haɗa kai a inji ɗaya maimakon kowa da nasa, tunda tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mai ke cinye ribar. Mai Unguwa kuma ya hana ƙona shara da taya a bayan tasha. Hanin na aiki da rana.

Akwai dalili na biyu da ya sa na nace. Sinadaran ganye in sun farfashe, wani kaso na daskarewa ya zama ƙananan ƙwayoyi masu yawo a iska. Frits Went ya kawo wannan a 1960 don bayyana shuɗin hazon da ke kan duwatsu masu daji, irin na yammacin Sidni a Ostireliya da turare ya lulluɓe. A daji wannan ba komai ba ne, har gajimare yake taimaka wa haɗuwa. Amma bincike na baya-bayan nan ya nuna inda iska ke da salfa, irin wanda dizal mara kyau ke fitarwa, aisofirin ya fi saurin komawa waɗannan ƙwayoyi, kuma su ne masu shiga can cikin huhu. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince kar salfa a mai ya wuce kashi 50 cikin miliyan. Wannan ba a zauren Mai Unguwa ake tabbatar da shi ba.

16 ga Agusta, 2025

Mun dakatar da takardun Schönbein har ruwa ya ɗauke. Da laimar Agusta duk inda aka rataya su baƙi suke dawowa, ba a bambance tasha da fili. A madadinsu yaran na duba ganyen wake da waken soya a gonakin bayan fili, don suna cikin amfanin gona da ozon ya fi yi wa illa. Ta ƙofofin numfashin ganye yake shiga, alamarsa ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a saman tsofaffin ganye, tsakanin jijiyoyi, ƙasan ganyen kuma lafiya lau. Cuta da ƙwari na yin abin da ya yi kama da haka, don haka hoto kawai suke ɗauka da kwanan wata, za mu kai wa malamin gona ya tantance.

Darbejiyoyin sun kama, har sun fara toho. Maɗatai biyu na bakin tasha babur ya taka su, za a maye gurbinsu kafin ƙarshen wata tun ƙasa na da danshi. Haɗakar injin masu walda na nan, ko da yake an fara gardama kan wanda ya fi shan wuta. Abu na gaba shi ne bututun Palmes, 'yan ƙananan robobi da ake ratayawa mako biyu zuwa huɗu su tsotsi NO2 a kai ɗakin gwaji, su za su ba mu lamba ta gaske a kan hayaƙin. Ma'aji ya ce kuɗin da ya rage na ban ruwan rani ne, sai dai a sake kawo maganar a zaman bayan Mauludi.